Babi na Uku: Matsayin Sinadarin Girman Jijiya a Lafiyar Gidan Ƙwai da Haihuwar Mace

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an duba yadda Bahaushe yake kallon haihuwa da rashinta, har aka kawo sunayen da yakan laƙaba wa macen da ta daɗe a ɗakin miji ba ta haihu ba, irin su juya da bakarariya. An kuma nuna cewa sau da yawa mace ake ɗora wa laifi, ba tare da an san abin da yake faruwa a cikin jikinta ko na mijinta ba. A wannan babi za a waiwayi ɓangaren kimiyya, inda za a yi bayani a kan wani sinadari da jiki yake samarwa, wanda a nan aka kira shi sinadarin girman jijiya, masana kuma suka taƙaita sunansa da haruffan NGF.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 6 a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da hukumar take nufi da rashin haihuwa shi ne a shafe wata 12 ana saduwa ba tare da wata kariya ba, amma ciki bai shiga ba. Daga cikin dalilan da ke ɓangaren mace akwai toshewar hanyar da ƙwai ke bi, da matsalar mahaifa, da kuma gazawar gidan ƙwai wajen sakin ƙwai a kan kari. Wannan na ƙarshen shi ne ya shafi wannan babi.

3.1 Warware Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a warware wata sarƙaƙiya da ke tattare da kalmar jijiya. A Hausa wannan kalma tana ɗaukar abubuwa uku mabambanta. Akwai hanyar da jini ke bi, wadda malamin asibiti yake lalube idan zai yi ƙarin ruwa. Akwai igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, irin ta agara, wadda mahauci ya sani sarai. Sannan akwai siririn zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi, wanda ta hanyarsa ake jin zafi da sanyi da taɓawa. Duk inda aka ce jijiya a wannan babi, ta ukun ake nufi; idan ta jini ce, za a faɗa. Haka kuma an yi amfani da gidan ƙwai a matsayin sunan gaɓoɓin nan guda biyu da ke dama da hagun mahaifa, da jakar ƙwai a matsayin sunan ɗan ƙunshin da kowane ƙwai yake girma a cikinsa. Makarɓi kuwa shi ne wurin da sinadari yake sauka a jikin ƙwayar halitta domin ya isar da saƙonsa, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗonsa.

3.2 Tarihin Gano Sinadarin

Sunan da ba a raba shi da wannan sinadari shi ne na Rita Levi-Montalcini, wata likita Bayahudiya da aka haifa a birnin Turin na ƙasar Italiya a shekarar 1909. Dokokin wariyar jinsi da gwamnatin Mussolini ta kafa a 1938 sun raba ta da aikin jami'a, sai ta mayar da ɗakin kwananta wurin gwaji, tana nazarin yadda jijiyoyi ke tsirowa a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwan kaza. Bayan yaƙin duniya na biyu Viktor Hamburger ya gayyace ta zuwa Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka. A can ne suka bi sawun wani gwaji da Elmer Bueker ya yi a 1948, inda ya dasa tsokar sankarar ɓera a jikin ɗan tsako, ya ga jijiyoyi suna tururuwa zuwa cikinta. Levi-Montalcini ta lura cewa hatta jijiyoyin da ke nesa da wurin dashen sun yi girma fiye da ƙima, sai ta yanke cewa lallai tsokar tana sakin wani abu da ke bin jini. A 1952 ta tafi birnin Rio de Janeiro na Birazil, ta ajiye curin jijiya kusa da guntun tsokar a cikin kwanon gwaji, kafin kwana ɗaya sai ga zarurrukan jijiya sun fito sun kewaye curin ta ko'ina.

Stanley Cohen, masanin sinadaran jiki, shi ne ya ɗauki nauyin tace wannan abu. Wani abin mamaki ya faru a lokacin aikin, domin ya yi amfani da dafin maciji ne don ya narkar da wasu abubuwa da suka cuɗanya da samfurinsa, sai ya tarar dafin da kansa ya fi tsokar sankarar ɗauke da sinadarin nesa ba kusa ba. Wannan ya sa ya duba gaɓar da ke samar da yawu a dabbobi masu shayarwa, ya same shi jingim a ta namijin ɓera. A 1960 aka samar da sinadarin garkuwa mai kashe kaifin NGF, da aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa sai wani rukuni na jijiyoyinsu ya kusa ƙarewa ƙaf. Wannan dabara ce aka sake ɗaukowa bayan shekara 30 domin nazarin gidan ƙwai, kamar yadda za a gani. An ba Levi-Montalcini da Cohen lambar yabo ta Nobel a 1986, ita kuwa ta rayu har zuwa 2012.

3.3 Dangin Sinadarin da Makarɓansu

NGF furotin ne, kuma ba shi kaɗai ba ne a gidansu. A 1982 Yves-Alain Barde da abokan aikinsa a Jamus suka tace na biyu daga ƙwaƙwalwar alade, wanda ake kira BDNF. Daga baya aka gano NT-3 a 1990 da NT-4 a 1991. Kowannensu yana da makarɓin da ya fi so: NGF yana sauka a kan TrkA, BDNF da NT-4 suna sauka a kan TrkB, NT-3 kuma a kan TrkC. Akwai kuma wani makarɓi da ake kira p75, wanda dukkansu suke iya sauka a kansa. Abin lura a nan shi ne, saƙon da ya bi ta makarɓan Trk galibi na rayuwa da girma ne, amma wanda ya bi ta p75 yana iya zama na mutuwar ƙwayar halitta, musamman idan sinadarin bai gama nuna ba. Ke nan ba yawan sinadarin kaɗai ake dubawa ba, har da irin makarɓin da ya tarar a wurin.

3.4 Gidan Ƙwai da Jijiyoyinsa

Ɗiya mace tana zuwa duniya da dukkan ƙwan da za ta yi amfani da shi a rayuwarta. Lokacin da take wata biyar a cikin mahaifiyarta, ƙwan yakan kai miliyan 6 zuwa 7. Kafin a haife ta ya ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuma saura kimanin 300,000 zuwa 400,000. Daga cikin wannan adadi, waɗanda za su nuna har a sake su ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran duk shanyewa suke yi a hanya. Kowane ƙwai yana kwance a cikin jakarsa, wadda da farko layi ɗaya ne na ƙwayoyin halitta shimfiɗaɗɗu. Idan jaka ta farka ta soma girma, ƙwayoyin ciki, waɗanda ake kira giranulosa, sukan ninku, sannan wasu ƙwayoyin da ake kira tika su lulluɓe ta daga waje. Ƙwayoyin tika su ke samar da sinadarin andirojin, na giranulosa kuma su juya shi ya koma istirojin.

Bayanin da aka saba koyarwa shi ne cewa ƙwaƙwalwa ce ke juya akalar wannan aiki ta hanyar homon. Sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus yakan saki homon ɗin GnRH, wanda ke sa gaɓar fituwitari ta saki FSH da LH cikin jini. FSH yana rainon jaka, LH kuma idan ya yi ambaliya a tsakiyar wata sai jakar da ta fi girma ta fashe bayan kimanin awa 36. Wannan bayani gaskiya ne, amma bai cika ba, domin kuwa gidan ƙwai yana da jijiyoyinsa da suke shigowa tare da jijiyoyin jini. Mafi muhimmanci a nan su ne jijiyoyin simfatetik, wato irin waɗanda ke aiki ba da nufin mutum ba, masu sa zuciya bugawa da sauri idan an firgita. Waɗannan jijiyoyi suna isa har jikin ƙwayoyin tika, suna zuba musu sinadarin noradirenalin, wanda ke ƙara musu ƙaimi wajen samar da andirojin. Su ne kuma ainihin jijiyoyin da aka ce sun kusa ƙarewa a jikin ɓerayen 1960. Saboda haka tambayar da ta taso ita ce, me zai sami gidan ƙwai idan aka hana shi NGF?

3.5 Aikin Sinadarin a Gidan Ƙwai

3.5.1 Farkon Girman Jaka

Yawancin amsoshin farko sun fito ne daga cibiyar nazarin birai ta jihar Oregon a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Sergio Ojeda, tare da Gregory Dissen da Hernán Lara. Lara da abokan aikinsa (1990) sun yi wa jariran ɓeraye mata allurar sinadarin garkuwar da ke kashe kaifin NGF. Da ɓerayen suka tasa, sai aka tarar jijiyoyin simfatetik ba su kafu a gidan ƙwansu ba, jakunkunan ƙwai sun yi jinkirin girma, andirojin da istirojin sun ragu, balaga ta makara, zagayen sakin ƙwai kuma ya hargitse.

Da farko an ɗauka cewa rashin jijiyoyin ne kawai ya jawo wannan. Amma daga baya aka ga cewa ƙwayoyin gidan ƙwan kansu, waɗanda ba jijiya ba ne, suna samar da NGF, suna kuma ɗauke da makarɓansa tun kafin jijiyoyin su iso. Dissen da abokan aikinsa (2001) sun duba ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon da ke samar da NGF gaba ɗaya. A gidan ƙwan waɗannan jarirai, jakunkunan da suka soma girma sun yi ƙaranci matuƙa, ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwai ba sa ninkuwa yadda ya kamata, alhali kuwa homon ɗin fituwitari da ke cikin jininsu bai ragu ba. Wato matsalar a cikin gidan ƙwan take.

Gwajin da ya fi fito da dalilin fili shi ne na Carmen Romero da abokan aikinta (2002). Sun nuna cewa idan aka zuba NGF a kan gidan ƙwan jaririyar ɓera, ƙananan jakunkuna sukan samar da makarɓin FSH, su soma amsa kiran homon ɗin. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, domin jakar da ba ta da makarɓin FSH tamkar kurma take, komai yawan homon ɗin da fituwitari ta aiko ba za ta ji ba. A nan ana iya cewa NGF shi ne yake buɗe wa jaka kunne, sannan ƙwaƙwalwa ta karɓi ragama. An samu irin wannan sakamako a ƙwayoyin giranulosa na mutum da aka raina a kwanon gwaji.

Sauran dangin ma suna da nasu aikin. Ɓerayen da ba su da makarɓin TrkB an ga jakunkunansu suna tsayawa tun suna ƙanana, ƙwai kuma yana mutuwa. Seifer da abokan aikinsa (2002) sun sami BDNF a cikin ruwan jakar ƙwan mata, Kawamura da nasa abokan (2005) kuma suka nuna cewa a ɓeraye yana taimaka wa ƙwai ya gama nuna, ya kuma iya zama ɗan tayi bayan ya haɗu da maniyyi.

3.5.2 Sakin Ƙwai

Sakin ƙwai ba buɗe ƙofa ba ne, yagewa ce. Jakar da ta nuna a jikin mace takan kai faɗin kimanin milimita 20, kuma dole bangonta ya yi laushi ya fashe kafin ƙwai ya fita. Dissen da abokan aikinsa (1996) sun gano cewa a 'yan awannin da ke gabanin sakin ƙwai na farko a ɓera, saƙon gadon da ke samar da makarɓin TrkA a ƙwayoyin tika yakan ninka fiye da sau 100, sannan ya koma ƙasa bayan an gama. Da suka toshe aikin NGF ko na makarɓin a daidai wannan lokaci, sakin ƙwai ya ragu. Gwaje-gwajen da aka yi da ƙwayoyin tika na shanu sun nuna hanyoyin da abin yake bi: NGF yana yanke 'yan hanyoyin sadarwa da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda ke sa bango ya saki, yana kuma ƙara samar da sinadarin furostagilandin, wanda aka daɗe da sanin cewa jaka ba ta fashewa sai da shi. Bugu da ƙari, yana sa ƙwayoyin giranulosa su samar da VEGF, sinadarin da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini, waɗanda gurbin da ƙwai ya bari yake buƙata domin ya samar da furojestaron mai riƙe ciki.

3.6 Idan Sinadarin Ya Yi Yawa

Cutar da aka fi danganta ta da yawan NGF ita ce wadda likitoci ke kira PCOS. Irving Stein da Michael Leventhal ne suka fara bayyana ta a birnin Chicago a 1935, bayan sun duba mata 7 masu ɗaukewar haila da kumburin gidan ƙwai. Bisa ƙa'idar da aka amince da ita a taron Rotterdam na 2003, ana tabbatar da ita idan aka sami biyu daga cikin alamomi uku: rashin sakin ƙwai a kan kari, yawan andirojin wanda ke fitowa a matsayin gashin haɓa ko ƙurajen fuska, da tarin ƙananan jakunkuna a hoton gidan ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a taɓa gano musu ba. Ita ce kan gaba a dalilan rashin sakin ƙwai. Abubuwan da ake gani a hoton ba ƙari ba ne, jakunkunan ƙwai ne da suka taso suka tsaya a rabin hanya, ba su nuna ba, ba su kuma fashe ba.

A ɗakin gwaji ana iya jawo wa ɓera irin wannan yanayi da allura ɗaya ta wani nau'in istirojin mai daɗewa a jiki. An tarar cewa a irin waɗannan ɓeraye jijiyoyin simfatetik na gidan ƙwai suna aiki fiye da ƙima tun kafin jakunkunan su tsaya. Barria da abokan aikinsa (1993) sun yanke babbar jijiyar da ke shiga gidan ƙwan, sai ɓerayen suka dawo suna sakin ƙwai. Lara da abokan aikinsa (2000) kuma suka nuna cewa NGF da makarɓin p75 sun ƙaru a gidan ƙwan, da aka toshe su a wurin sai yawancin ɓerayen suka koma daidai. Tsarin da masanan suka zana ke nan: yawan NGF yana jawo yawan jijiya, yawan jijiya yana jawo yawan noradirenalin, shi kuma yana matsa wa ƙwayoyin tika su yi ta zuba andirojin, wanda ke tsayar da jaka.

A 2009 Dissen da abokan aikinsa suka samar da ɓerayen da aka sauya musu gado ta yadda ƙwayoyin tikarsu suke samar da NGF fiye da ƙima. Haihuwarsu ta ragu, jakunkunansu suna tsayawa, da aka ɗan ƙara musu homon mai aikin LH kuwa sai gidan ƙwan ya cika da jakunkuna masu ruwa. A cikin wannan aiki ne kuma aka auna ruwan jakar ƙwan mata masu PCOS, aka sami NGF ya fi na sauran mata yawa. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2008 ya nuna cewa jijiyoyin simfatetik na mata masu wannan cuta sun fi na takwarorinsu aiki.

Duk da haka, kuskure ne a ce NGF shi ne musabbabin PCOS. Cutar tana da alaƙa da gado, da gazawar jiki wajen amsa kiran insulin, da hauhawar LH, kuma ɓeran da aka yi wa allura bai cika nuna duk waɗannan ba. Misalin da ya isa jan kunne shi ne na maganin allurar Sinawa ta tsira wa jiki basilla. Elisabet Stener-Victorin da abokan aikinta sun nuna a 2000 cewa irin wannan allura da aka haɗa da lantarki tana rage NGF a gidan ƙwan ɓeraye. Amma da aka gwada ta a kan mata 1,000 masu PCOS a ƙasar Sin, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ba ta ƙara yawan haihuwa ba, ƙwayar kulomifin da aka daɗe ana amfani da ita ce ta ƙara.

Akwai wasu cututtuka biyu da za a ambata a taƙaice. Na farko shi ne cutar da naman cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, har a kan gidan ƙwai, wadda ke shafar kimanin mace 1 cikin 10 a shekarun haihuwa, tana zuwa da matsanancin ciwon mara. Anaf da abokan aikinsa a Beljiyam (2002) sun sami NGF mai yawa a ƙullutun da suka fi zurfi da zafi, abin da bai zo da mamaki ba tun da sinadarin yana ƙara wa jijiyar jin zafi kaifi. Na biyu shi ne sankarar gidan ƙwai, inda masu bincike a Jami'ar Cile suka nuna cewa NGF da TrkA suna ƙaruwa, suna kuma taimaka wa ƙarin ya samar wa kansa jijiyoyin jini.

3.7 Darasin da Aka Samu daga Raƙumi

Wani ɓangare na wannan ilimi ya fito ne daga dabbar da Bahaushe ya sani tun zamanin ayarin Azbin. Taguwa ba ta sakin ƙwai da kanta a kan zagaye kamar mace ko saniya. Jakarta takan nuna ta jira, sai amale ya yi mata barbara sannan ƙwai ya fita bayan kwana ɗaya zuwa biyu. An daɗe ana ɗauka cewa motsin barbarar ne yake aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kamar yadda yake a kyanwa. A 1985 Chen da abokan aikinsa a ƙasar Sin suka nuna akasin haka a raƙuma masu tozo biyu: da aka zuba wa taguwa ruwan maniyyi zalla ba tare da barbara ba, ta saki ƙwai, da aka zuba mata ƙwayoyin maniyyin da aka wanke aka raba su da ruwan kuwa, ba ta saki ba.

Bayan shekara 20, Gregg Adams na Jami'ar Saskatchewan a Kanada da Marcelo Ratto ɗan ƙasar Cile suka sake ɗauko batun a kan lama da alfaka, dangin raƙumi da ke Kudancin Amurka. A 2005 suka nuna cewa ko a tsoka aka yi wa macen allurar ruwan maniyyin, LH yakan yi ambaliya, kusan dukkansu su saki ƙwai. Sun kira abin sinadarin sa sakin ƙwai, ba tare da sanin ainihinsa ba, sai a 2012 aka tabbatar cewa NGF ne, wato sinadarin nan dai na Levi-Montalcini. Daga baya aka same shi a maniyyin raƙumi mai tozo ɗaya, irin wanda ake kiwo a Nijar da Cadi da Sudan da arewacin Nijeriya. Wani gwaji na 2016 ya ƙara ƙarfafa hujjar, domin an yi wa mazan lama aikin da ya karkatar da maniyyinsu ta yadda suke barbara ba ya isa ga macen, sai matan ba su saki ƙwai ba. A nan sinadarin yana bin jini ne daga mahaifa ya yi aiki a matakin ƙwaƙwalwa, domin idan aka toshe GnRH aikinsa yakan tsaya. An kuma lura cewa gurbin ƙwan da ya samu ta wannan hanya yana samar da furojestaron mai yawa.

Wannan yana da amfani ga mai kiwo. Taguwa takan ɗauki ciki na kimanin wata 13, amale kuma ba ya neman mace sai a wani yanayi na shekara, saboda haka garken raƙuma ba ya haɓaka da sauri. Dasa maniyyi da hannu, wanda ya daɗe da zama ruwan dare a shanu, yana da wuya a raƙumi, domin maniyyinsa yana da yauƙi ƙwarai, idan kuma aka tsarma shi ko aka wanke, an rage abin da ke sa taguwa ta saki ƙwai, sai an haɗa da allurar homon. Sai dai bai kamata a ɗauki hukuncin taguwa a ɗora wa mace ba. Maniyyin ɗan Adam yana ɗauke da NGF, amma kaɗan ne idan aka kwatanta da na raƙumi, kuma mace tana sakin ƙwanta a kan zagayen wata ko an sadu ko ba a sadu ba.

3.8 Batun Magani

Ya zuwa yanzu babu wani maganin rashin haihuwa da aka gina a kan NGF wanda hukumomin magunguna suka amince da shi. Inda aka yi nasarar mayar da sinadarin magani shi ne a ido: kamfanin Dompé na Italiya ya samar da ɗigon ido mai suna Oxervate domin wata cuta da ke lalata gilashin ido sakamakon mutuwar jijiyarsa, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017, Amurka kuma a 2018. Ƙoƙarin toshe NGF a dukkan jiki kuwa ya ci karo da cikas. Kamfanonin Pfizer da Eli Lilly sun shafe shekaru suna gwada allurar tanezumab domin ciwon gaɓoɓi, ta kuma rage zafin, amma wasu majinyata gaɓoɓinsu suka lalace da sauri, har aka dakatar da aikin a 2021 bayan hukumomin Amurka da Turai sun ƙi amincewa. Ƙara shi a jini ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin yana haddasa ciwon jiki da zafi a wurin allura. Matsalar gidan ƙwai ta fi haka sarƙaƙiya, tun da sinadari ɗaya ne ake buƙata a farkon girman jaka da lokacin fashewarta, shi ne kuma yake tsayar da ita idan ya wuce ƙima.

Saboda haka macen da haila take yi wa tsalle na watanni, tare da gashin haɓa ko ƙiba, abin da asibiti yake da shi a hannu shi ne gwajin homon, da hoton gidan ƙwai, da duba sukarin jini, tare da gwada maniyyin mijin kafin a yanke cewa matsalar daga gare ta take. Idan an tabbatar da PCOS, akan fara da gyaran abinci da motsa jiki ga mai ƙiba, sannan ƙwayoyin sa sakin ƙwai. A gwajin da Richard Legro ya jagoranta a Amurka a kan mata 750, wanda aka buga a 2014, kashi 27.5 cikin 100 na waɗanda suka sha letirozol sun haihu, na kulomifin kuma kashi 19.1, shi ya sa letirozol ya zama na farko da likitoci suke bayarwa. Idan ƙwayoyi sun gaza, akwai aikin da ake huda gidan ƙwai da zafin lantarki a wurare kaɗan, wanda ya gaji aikin yanke wani yanki na gidan ƙwan da Stein da Leventhal suka yi wa majinyatansu. Wasu masana suna ganin cewa lalata wani sashe na jijiyoyin gidan ƙwan yana daga cikin dalilan da ke sa wannan aiki ya dawo da sakin ƙwai, kwatankwacin abin da Barria ya gani a ɓerayensa a 1993.